Jijiyoyin Jini da ke Fitowa a Fuska: Yadda Ake Gano Sababinsu da Yadda Ake Magance Su

Siraran jijiyoyi ne, jajaye ko masu ruwan shuɗi, da suke fitowa a gefen hanci, a kumatu, wani lokaci a haɓa. Likitocin fata suna kiransu telanjektasiya. Kaurin kowace ɗaya bai wuce milimita 1 ba, wasu ma kamar kashi ɗaya cikin goma na hakan ne. Mutane sukan ce jijiya ce ta fashe, amma ba fashewa ta yi ba: bangonta ne ya saki, ta buɗe, ta kasa komawa yadda take, jini kuma yana ci gaba da gudu a cikinta. Wannan ne ya sa babu wani mai ko sabulu da yake goge ta. Jijiyar da ta riga ta buɗe, sai dai a rufe ta da zafi, ko a ɓoye ta da hoda, ko a bar ta.

Kafin a kai ga rufewa akwai aiki biyu da suka fi shi muhimmanci: a san abin da ya kawo ta, a kuma tsayar da shi. Wanda ya tsallake waɗannan ya tafi kai tsaye wajen na'urar leza, wadda ke harba haske ya rufe jijiya da zafi, zai biya kuɗi, jijiyoyin su dawo, wataƙila ma ya ƙaru da baƙin tabo da bai zo da shi ba.

Mataki na farko: a tabbatar jijiya ce

A wanke fuska, a cire hoda da duk wata kwalliya, a bari fatar ta huce kamar minti 20, domin wanki kansa yana jawo jini zuwa fuska. A zauna kusa da taga da rana, kada a dogara da hasken kwan lantarki. Ga mai duhun fata ja ba ya fitowa ja. Yakan fito ruwan ƙasa mai duhu ko ya yi kama da shuɗi-shuɗi, don haka a ja fatar kaɗan da yatsu biyu, jijiyar za ta fi fitowa fili.

Sai a samu gilashi mai tsabta wanda ake gani ta cikinsa, gindin kofin gilashi ma ya isa, a danna shi a hankali a kan wurin ana kallo. In layin ya ɓace, sannan ya dawo da aka ɗaga gilashin, jijiya ce buɗaɗɗiya. In bai ɓace ba, to ko dai jini ne ya fita daga jijiya ya kwanta a cikin fata, ko kuwa tabo ne na launi. Ƙananan ɗige-ɗigen ja da ba sa ɓacewa da dannawa, musamman in sun fito kwatsam tare da zazzaɓi, ko zubar jini daga dasashi, ba maganar kwalliya ba ce, asibiti ake zuwa a ranar.

Daga nan a lura da siffarsu, domin siffa tana nuna sababi. Akwai miƙaƙƙu da masu rassa, waɗanda suka fi yawa a gefen hanci da kumatu, kuma yawanci rana ce, ko mai, ko gado. Akwai mai ɗigo ɗaya ja a tsakiya da ƙafafu siraru suna fita ta kowane gefe kamar gizo-gizo. Wannan in aka danna tsakiyarta da bakin biro ƙafafun duk sai su ɓace, da an ɗaga kuma jini ya sake cika su daga tsakiya zuwa waje. Akwai kuma shimfiɗaɗɗu masu faɗin ƙwayar gero ko dawa, a leɓe, a harshe, ko a yatsu. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi buƙatar bincike.

A ɗauki hoto uku, gaba da gefe biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ba tare da tacewar waya ba. Bayan wata uku ido ba ya tuna yadda fuska take, hoto ne kawai zai nuna ko ana samun sauƙi.

Mataki na biyu: a nemo abin da ya kawo su

A littattafan likitancin Turai da Amurka, rana da gado da cutar jan fuska su ne kan gaba, saboda masu farar fata aka fi rubutawa a kansu. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, in mace mai duhun fata ta zo da jijiyoyi a kumatu biyu, tambaya ta farko ita ce wane mai take shafawa. Baƙar fata lafiyayya tana da kauri da launin da ke ɓoye ƙananan jijiyoyi, sai wani abu ya sirantar da ita sannan suke fitowa, kuma abin da ya fi yin haka shi ne sitiroyid, wani maganin kumburi da ƙaiƙayi da ake sawa a man bilicin.

A tattaro duk abin da ake shafawa a fuska, har da wanda aka daina a cikin shekara guda, a karanta rubutun jikin kwalin. Sunayen da ake nema su ne clobetasol, betamethasone, fluocinolone, mometasone da dexamethasone. Dermovate da Tempovate clobetasol ne 0.05%, wanda yake cikin rukuni mafi ƙarfi. Betnovate betamethasone ne. Funbact-A da Skineal, da ake saye a kemis don ƙuraje ko ƙaiƙayi, har a shafa wa jarirai, suna ɗauke da sitiroyid haɗe da maganin ƙwayoyin cuta. Magunguna ne na gaske masu amfani a inda likita ya rubuta su na ɗan lokaci, amma ba a yi su don shafawa a fuska kullum ba. Man haɗi da ake sayarwa a roba babu rubutu, in yana haskaka fata cikin mako ɗaya ko biyu, a ɗauka akwai sitiroyid a ciki har sai an tabbatar babu.

Yadda yake ɓarnar shi ne: da farko yana matse jijiyoyi, fata ta yi haske ta yi sumul, mai shafawa ta ji daɗi. A hankali yana hana fata ƙera kolajin, wato sinadarin da ke ba ta kauri yake kuma tallafe bangon jijiya. Fatar ta yi siriri, jijiyar ta rasa abin jingina ta buɗe. A fuska, inda fata take da laushi, makonni kaɗan na mai ƙarfi sun isa a fara ganin alama. Abubuwan da kan zo tare da shi su ne fata mai sheƙi, ƙuraje masu kama ɗaya, gashi siriri a kumatu, zafi in an shiga rana, da gaɓoɓin yatsu da suka fi sauran hannu duhu. Ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi su ma suna yin haka daga ciki.

Rana ita ce ta biyu. Haskenta yana lalata kolajin ɗin nan a tsawon shekaru, shi ya sa jijiyoyin suke fitowa a hanci, saman kumatu da gefen wuya, su bar ƙarƙashin haɓa inda inuwa take. Masu hasken fata na asali, da waɗanda bilicin ya cire musu kariya, da zabiya, su ne rana ta fi yi wa illa. Ga zabiya musamman, duk wurin da ya yi kaushi, ko ƙurji mai sheƙi da jijiyoyi a kansa, ko gyambon da ya wuce mako huɗu bai warke ba, a nuna wa likita a yanki kaɗan a auna, saboda sankarar fata tana farawa a haka. Ba a taɓa kai leza kan irin wannan wuri kafin a san mene ne.

Cutar jan fuska, rozasiya, tana zuwa da jin zafi ko raɗaɗi a tsakiyar fuska bayan shan shayi mai zafi, cin yaji, tsayawa a bakin murhu ko ɓacin rai, wani lokaci da ƙuraje da ido mai kamar an zuba yashi. Ana yawan kuskurenta a baƙar fata domin jan ba ya fitowa sosai, sai a yi ta maganin ƙurajen samartaka. Bambancinsu shi ne rozasiya ba ta da baƙaƙen ɗigon nan da ke toshe ƙofofin fata.

Juna biyu da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin suna fito da mai siffar gizo-gizo. Ta juna biyu yawanci tana tafiya da kanta cikin wata uku bayan haihuwa, don haka ba a taɓa ta. Wasu magungunan hawan jini, irin su amlodipine da nifedipine, sukan fito da jijiyoyi a wuraren da rana ke duka, ko da yake ba kasafai ba. Kada a daina maganin hawan jini saboda wannan, a gaya wa likitan da ya rubuta shi ya duba ko zai canja.

Alamomin da ke cewa a bar maganar fuska tukuna

Mai siffar gizo-gizo ɗaya ko biyu ba komai ba ce, yara da manya masu lafiya da yawa suna da ita. Amma in sun wuce uku, sun bazu a fuska, wuya, saman ƙirji da hannuwa, ga tafin hannu ya yi ja, ko ido ya yi rawaya, ko ciki yana kumbura, hanta ake tuhuma. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Yammacin Afirka, kuma mutum kan ɗauke shi shekaru bai sani ba. A yi gwajin nau'in B, wato HBsAg, da na nau'in C, da gwajin aikin hanta, da hoton ciki. Yawan shan barasa ma yana kai ga nan.

In akwai yawan haɓo ba dalili tun ƙuruciya, ga jajayen ɗigo a leɓe, harshe, cikin hanci ko yatsu, kuma uwa ko uba ko ɗan'uwa yana da irin haka, akwai cutar gado da ake kira Osler-Weber-Rendu. Tana samun kusan mutum 1 cikin 5,000, kuma kowane ɗan mai ita yana da rabin yiwuwar gadonta. Likitoci suna duba abu huɗu: haɓo, ɗigon a waɗannan wurare, gurɓatattun jijiyoyi a huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa ko hanji, da dangi na kusa. Uku daga ciki sun tabbatar da ita. Haɗarinta ba a fuska yake ba, a huhu da ƙwaƙwalwa yake, da ƙarancin jini.

In yatsu suna canja launi su yi ciwo a lokacin sanyi, fatarsu tana ƙanƙancewa, baki yana wuyar buɗewa, abinci yana tsayawa a ƙirji, ana tunanin sikilerodama, cutar da ke taurara fata. In kuma akwai ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, gyambon baki da tabo a kumatu biyu da ke tsananta a rana, ana tunanin lufus, cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa. Dukansu gwajin jini suke buƙata. Asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da likitocin fata da ke iya haɗa waɗannan alamomi, kuma suna duba jijiyar da ɗan madubin ƙara girma mai fitila, wanda ke nuna abin da ido ba ya gani a baƙar fata.

Mataki na uku: a tsayar da ɓarnar

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma a nan yawancin mutane ke komawa baya. Fatar da ta saba da sitiroyid, in aka yanke mata shi, cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu takan yi bore: zafi, ja ko duhu, kumburi, ƙuraje, saɓa. Jijiyoyin da man ke matsewa kullum sun saki gaba ɗaya. Mai shafawa sai ta ga kamar man ne yake riƙe mata fuska, ta koma. Boren yakan ɗauki makonni, ga wadda ta shekara tana shafawa yakan kai watanni, amma yana wucewa.

Wadda ta yi 'yan makonni tana shafawa a fuska kaɗai za ta iya dainawa lokaci ɗaya. Wadda ta daɗe, likita yakan sauko da ita a hankali: a bar mai ƙarfin, a koma hydrocortisone 1% sau ɗaya a rana na mako biyu, sannan kwana ɗaya a tsallake ɗaya na wani mako biyun, sannan a daina. Wasu likitocin sun fi son tacrolimus 0.1% ko pimecrolimus 1%, waɗanda ba sa sirantar da fata, sai dai sukan yi raɗaɗi a kwanakin farko. In ƙuraje sun yi yawa akan ƙara doxycycline na mako 6 zuwa 12. Ana shan sa da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya nan take domin yana ƙona maƙoshi, yana ƙara wa fata jin rana, kuma mai juna biyu da yaro ƙasa da shekara 8 ba sa sha.

Wadda ta shafe jiki duka da mai ƙarfi na watanni, ko take shan ƙwayar sitiroyid, kada ta yanke da kanta. Jiki ya rage ƙera nasa sinadarin, yankewa kwatsam kan kawo kasala mai tsanani, amai, jiri da faɗuwar jini, har ta kai ga suma. Wannan a hannun likita ake yin sa.

A wannan lokaci a sauƙaƙa wa fuska komai. Wanki sau biyu a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu, babu soso. Mai mai laushi marar turare, a hunturu a ɗora ɗan basilin a kai da dare. A ajiye dilka da halawa da duk wani gurzar fuska, da surace, da lemun tsami, da man goge baki da wasu ke ɗorawa a ƙurji. Amaryar da ake wa gyaran jiki, in tana da waɗannan jijiyoyi, a gyara jikin a bar fuskar.

Man kare rana wajibi ne kowace safiya: mai lambar kariya, wato SPF, 30 zuwa 50, wanda ke kare nau'in hasken UVA da UVB duka. Adadinsa layi biyu a tsawon yatsa manuniya da ta tsakiya, ga fuska da wuya. Yawancin mutane suna shafa ƙasa da rabin haka, sai su ce bai yi aiki ba. A sake bayan awa biyu in ana waje, da bayan alwala in za a sake fita. Mai ɗan launi, wanda ke ɗauke da sinadarin iron oxide, ya fi dacewa da duhun fata, domin ba ya barin farin toka a fuska kuma yana rage baƙin tabo. Malafa ko lema suna ƙara kariya. Mayafi siriri ba ya tare rana yadda ake zato.

A ba fata wata uku zuwa shida a haka kafin a yi maganar na'ura. Wasu ƙananan jijiyoyin za su rage fitowa da kansu in fatar ta sake kauri. Waɗanda suka rage bayan nan su ne na dindindin.

Abin da mai zai iya da wanda ba zai iya ba

Ga mai rozasiya, metronidazole 0.75%, azelaic acid 15% da ivermectin 1% suna kwantar da ƙuraje da kumburi. Brimonidine 0.33% da oxymetazoline 1% suna matse jijiyoyi na kusan awa 12, jan fuska ya ragu, amma layukan da suka riga suka buɗe suna nan, wani lokaci ma sun fi fitowa da bayan ya yi haske, kuma wasu in maganin ya sake su jan yakan dawo fiye da da. Man bitamin K da sauran waɗanda ake tallatawa a intanet da sunan goge jijiya asarar kuɗi ne. Hodar ruwa mai kauri daidai launin fata tana rufe su sosai, kuma ga wanda jijiyoyinsa kaɗan ne, wannan zaɓi ne mai kyau da babu haɗari a cikinsa.

Mataki na huɗu: rufe jijiyar

Ka'idar leza a nan, wadda Rox Anderson da John Parrish suka bayyana a 1983, ita ce a zaɓi hasken da jan sinadarin jini ke sha, a harba shi na ɗan lokaci ƙanƙani, jinin ya yi zafi ya dafa bangon jijiyar daga ciki, ta rufe, jiki ya kwashe ta cikin makonni. Matsalar ita ce sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan haske, kuma shi ne a sama, haske sai ya ratsa shi kafin ya kai jijiya. Kamar yadda baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana, haka baƙar fata take ɗaukar zafin da aka nufi jijiya da shi. Likitoci suna raba launin fata gida shida a ma'aunin Fitzpatrick. Yawancin Hausawa suna gida na biyar da na shida. Wadda ta yi bilicin ba ta canja gida ba, ƙwayoyin launinta suna nan, kuma za su mayar da martani kamar na baƙar fata. Dole a faɗa wa likita launin asali.

Ana bambanta leza da tsawon zango, wato lambar da ke nuna irin hasken da take fitarwa. Lezar KTP mai tsawon zango 532 tana aiki sosai a kan siraran jajayen jijiyoyi, amma ta masu farar fata ce, a baƙa ƙuna take yi. Lezar PDL mai 585 zuwa 595 ita ce aka fi yaba wa a kan jan fuska da mai siffar gizo-gizo. Takan bar shatar jini ta mako ɗaya zuwa biyu, kuma a duhun fata sai da taka tsantsan ƙwarai. IPL ba leza ba ce, fitila ce mai fesa haske iri-iri, ana samun ta a shagunan gyaran fata, kuma takan bar ƙuna mai siffar bakin na'urar a kumatun baƙaƙen mata. A ganinmu wanda fatarsa take gida na biyar ko na shida ya guje ta.

Wadda ta fi dacewa da duhun fata ita ce Nd:YAG mai zango 1064, mai dogon bugu, wato wadda kowane harbin haskenta yake ɗan daɗewa. Launin fata ba ya shan wannan haske sosai, kuma yana shiga zurfi, don haka yana kama shuɗɗan jijiyoyi masu ɗan kauri. Sai dai jini ma ba ya shan sa sosai, dole a ƙara ƙarfi, shi ya sa ta fi ciwo, kuma in aka maimaita bugu a wuri ɗaya zafin yakan taru ya bar rami. Lungun gefen hanci shi ne wurin da wannan ya fi faruwa. A tambaya a tabbatar mai dogon bugu ce. Akwai wata Nd:YAG mai gajeren bugu da ake cire zanen tawada na jiki da ita, sunansu ɗaya amma ba ta rufe jijiya.

Inda babu leza, akwai allurar lantarki: siririyar allura a ƙarfi mafi ƙanƙanta, ana taɓa jijiyar kowane milimita 2 zuwa 3, ko tsakiyar mai siffar gizo-gizo sau ɗaya. Tana da araha, ta dace da jijiya ɗaya ko biyu, amma takan bar ƙananan ramuka ko baƙin ɗigo, kuma mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya faɗa tun farko. Allurar da ake zuba wa jijiyoyin ƙafa don su bushe, da polidocanol ko makamancinsa, ba ita ce ta fuska ba. Jijiyoyin kewayen ido da hanci suna da hanya zuwa bayan ido da cikin kai, kuskure a nan kan kashe fata ko ya taɓa gani.

Kafin zaman leza, da lokacin zama

A tambayi wanda zai yi aikin: shi likita ne mai rajista? Mene ne sunan na'urar da zangonta? Yaya take sanyaya fata? Yana da hotunan masu irin launina? Wanda ya kasa faɗin zangon na'urarsa kada a ba shi fuska.

A faɗa masa in ana da juna biyu, in jiki yana yin tabo mai tudu bayan rauni ko hudar kunne, in ana yawan fitar ƙurajen zazzaɓi a leɓe, in an sha maganin ƙuraje isotretinoin a watannin baya, in ana shan asfirin ko maganin tsinka jini. Kada a daina maganin tsinka jini da kai. A guji rana mako huɗu kafin zama, a ajiye mayukan da ke saɓe fata mako ɗaya kafin nan.

Gwaji a ɗan wuri ba abin tsallakewa ba ne. A yi bugu biyu ko uku a gefen fuska kusa da kunne, a jira mako biyu zuwa huɗu. Ƙuna tana nunawa cikin kwana biyu, amma baƙin tabo yakan jinkirta, shi ya sa jiran kwana ɗaya bai isa ba.

A ranar aiki ana wanke fuska tas, a rufe ido da kariyar da aka yi don wannan zango. In kusa da ido za a yi, kariyar ƙarfe ake sawa a ƙarƙashin fatar ido. Yawanci ba a shafa man kashe zafi, domin yana matse jijiyar ta ɓace wa mai aiki, sanyaya fata kafin bugu da bayansa shi ke rage ciwo kuma ya kare saman fata. Alamar an dace ita ce jijiyar ta ɓace nan take ko ta yi duhu, kuma in an danna ba ta sake cika ba. In fatar kanta ta yi fari ko toka-toka, zafi ya yi yawa, a tsaya. Zama ɗaya minti 15 zuwa 30 ne. Akan buƙaci zama ɗaya zuwa uku, ga masu yawa har biyar, da tazarar mako huɗu zuwa shida, a duhun fata gara a kai takwas. Jijiyoyin gefen hanci sun fi taurin kai saboda jini yana gudu a cikinsu da ƙarfi.

Bayan aiki

A ɗora tsumma mai sanyi minti 10 zuwa 15 sau da yawa a ranar farko, ƙanƙara ba ta taɓa fata kai tsaye. A kwana da matashi biyu, domin kumburi, musamman ƙarƙashin ido, yakan kai kwana uku. Kwana biyu babu wanka da ruwan zafi, babu tsayawa kan murhu, babu motsa jiki mai tsanani, domin zafi kan sake buɗe jijiyar da ba ta gama rufewa ba. In ɓawo ya fito a shafa basilin a bar shi ya faɗi da kansa. Man kare rana ya ci gaba daga washegari.

Bororo, ruwa ko mugunya, ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ko tarin ƙananan ƙuraje masu ruwa kusa da leɓe, duk a koma wa likita a ranar. Baƙin tabo, wanda shi ne matsalar da ta fi yawa a fatarmu, yakan fito mako biyu zuwa huɗu bayan aiki, ya ɗauki wata uku zuwa shekara kafin ya baje. Ana rage shi da azelaic acid, ko hydroquinone na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita, da kare rana sosai, kuma ba a sake zama sai ya tafi. Babban kuskure a nan shi ne a koma man haɗi don goge tabon, a sake sirantar da fatar da aka sha wahalar gyarawa. Farin tabo ya fi wuyar magani, yana nufin zafin ya kashe ƙwayoyin launi, wani yakan dawo a hankali, wani ba ya dawowa.

In bayan zama uku jijiya tana nan yadda take, a sake duba abu uku: ko zangon bai kai zurfinta ba, ko akwai wata babbar jijiya a ƙasa da ke ciyar da ita wadda ba a rufe ba, ko har yanzu ana shafa wani abu mai sitiroyid ba a sani ba. Mai rozasiya da wanda aikinsa a rana yake su sa ran sababbin jijiyoyi a wasu wuraren, akan koma zama ɗaya bayan shekara ɗaya ko biyu.